Kwamfiresar Kunkuru

Faɗan da na fi tunawa tsakanina da Mphanza a kan kifi muka yi shi, a hanyar dawowa daga Samfya, shekarar da ɗana Lombe ya shiga makaranta. Mu huɗu ne a motarsa: shi da matarsa Zelipa, ni da Baban Lombe, Allah ya jiƙansa. Mota ce mai ɗaki, da gado da murhun gas da 'yar taga mai labule. Baturen da Mphanza ya yi wa direba a kamfanin haƙar jan ƙarfe ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Zelipa ta raɗa mata Kunkuru, don ba ta sauri kuma da ɗakinta take yawo.

Na sayo busasshen kifi kwando biyu a bakin tafki. Na duba na ga inda ya fi sanyi a motar shi ne gindin ramin da iskar esi, na'urar sanyaya motar, ke fitowa, sai na jibge su a nan. Ba mu yi nisa ba wari ya cika motar, Mphanza ya taka birki, ya ce ko kifin ya sauka ko mai kifin. Na sauka da kwandunana, na zauna a bakin titi, na ce ko shekara za a yi ba zan hau ba sai ya durƙusa. Zelipa ta kunna murhu ta ɗora shayi, Baban Lombe ya buɗe jarida. Awa biyu muna zagin juna ta taga. Daga ƙarshe ya durƙusa, wai igiyar takalminsa yake ɗaurewa.

Ba wanda ya yi fushi. Shi ɗan ƙabilar Ngoni ne, ni 'yar Bemba, mbuya muke kiran juna, wato abokin wasa, kuma tun kakanni aka ba mu damar faɗa wa juna abin da ko uwar mutum ba za ta faɗa masa ba. Mu ne kuma ke yi wa juna hidimar mutuwa.

Shekara kusan arba'in ke nan. Bana Zelipa na kwance. Tun watan Agusta asibiti suka sallame ta, suka ce a kai ta gida ta huta, kuma duk mun san irin wannan hutun. Gidan da take so ba na nan Kitwe ba ne, ƙauyensu take so, can gabas, gaba da Chipata, wurin ƙanwarta. Kwana biyu ne a hanya. Ba ta iya zama a bas, sai a kwance, zafi kuma toshe mata numfashi yake, ga shi Oktoba ya shigo, watan da kwarin Luangwa ke gasa lafiyayye ma. Gadon Kunkuru kaɗai zai kai ta, shi ma sai da sanyi. To esin ya mutu, kwamfiresarsa ta ƙone, mako bakwai Mphanza yana yawon neman wata.

Ranar Talata na kai mata kunu, ta riƙe hannuna ta ce, "Mbuya, je ki gano mini. Ni in na tambaye shi sai ya ce gobe, ya fita ya tsaya a bayan ɗaki."

Na gyara ɗaurin zanena na nufi garejin Munsanje mai gyaran esi. Kunkuru na tsaye a inuwa, an buɗe mata murfin inji. Mphanza na zaune a benci, tsohuwar kwamfiresar a cinyarsa, naɗe cikin zanen Zelipa.

"Sannu da zuwa, sannu da wannan zafin... au, ashe ke ce. Munsanje, kulle akwatin kayan aikinka, Bemba sun shigo."

"Barka da rana, Mbuya. Yaushe aka haihu ba a gaya mana ba? Mace ce ko namiji?"

"Ƙarfe ne. Ko idon ma ya tafi tare da haƙoran?"

"Nawa suna nan. Kai fa, ka karya kumallo kuwa? Ko ɓerayen Kitwe sun gane ka sun yi hijira?"

"Sau nawa zan gaya miki, ɓeran gari ba a ci. Na gona ake ci, mai cin tsaba, mai tsabta. Ba kamar waɗansu ba, da ke cin abin da ke kama da kawunsu."

"Birin da muke ci ya fi ka fara'a."

"Ai dole, bai san ki ba."

Munsanje ya fito daga ƙarƙashin motar yana share hannu da tsumma. Mutumin kudu ne, nasa abokan wasan daban, ba ya sa baki a namu. Ya ce, "Mama, gara da kika zo. Ni dai na gaji. Ga uku nan na shimfiɗa masa tun safe, ko ɗaya bai yarda in ɗaura ba."

Na je na tsaya a kansu. Suna jere a kan buhu, kamar kabewa a kasuwa. Na taɓa ta farko da ƙafa.

"Wannan fa, me ta yi?"

Munsanje ya ce, "Ta hannu ce, daga bas ɗin da aka wargaza. Tana aiki, na gwada."

Mphanza ya ce, "Tambaye shi me ya wargaza bas ɗin. Karo ya yi da tirela. Ba na sa wa Kunkuru zuciyar gawa."

"Haƙoran da ke bakinka fa, da su aka haife ka?"

"Sababbi ne, likita ya auna ni."

"Haka ya ce maka. Ni na san mai su, limamin cocin Chimwemwe ne da ya rasu. Shi ya sa tunda aka sa maka ka fara wa'azi."

Ta biyu irin tasa ce sak, ƙatuwa, mai kusurwa huɗu, baƙa wuluk. Munsanje ya ce daga Ndola aka kawo ta, wani tsoho ne ya kwance ta ya sake ɗaurawa. Za ta hau mazauninta ba walda, faifanta mai rami biyu ne kamar yadda fambel ɗin ke so. Sai dai tana 'yar yoyo ta wuya, kuma gas ɗin da aka yi ta dominsa an daina sayarwa.

"Tana iya yin shekara, tana iya mutuwa a Nyimba, tsakiyar hanya. Ba zan rantse miki ba, Mama."

Na ce, "To wa ya sa aka kawo ta?"

"Shi. Mako biyu yana cewa sai irin tasa. Da ta zo ya sa kunne, ya juya faifan da hannu, ya ce ba ta kukan da tasa ke yi."

"Ba ta yi ɗin!" in ji Mphanza. "Tawa in ta kama, ƙut-ƙut-ƙut take yi, a natse, kamar mace na sussuka. Wannan tari take."

Nan kam ban musa masa ba, don na san kukan. In ya murɗa maɓallin sai ka ji motar ta yi ajiyar zuciya, ta rage gudu, sannan sanyin ya fara saukowa ta kan ƙeyarka. Na ce, "Ka tuna hawan da ke bayan gadar Luangwa?"

"Ina zan manta? Baban Lombe yana ihu daga baya, kashe sanyin mu hau dutse!"

"Don ba ta iya biyu. Ko ta sanyaya ko ta hau. Kamar mai ita, in yana tafiya ba ya tunani."

"Amma ta kai ku. Wa ya nuna muku gabas in ba ita ba? Da kun mutu ba ku ga inda mutane suke ba."

"Mun ga inda aka ɗaura wa wani fatar damisa ya shiga rawar kakanninsa, ya buga ƙafa ɗaya, ta biyu ta ƙi dawowa. Mu muka kwaso ka zuwa gadon nan."

"Rami ne a wurin."

"Maza ɗari uku sun yi rawa, kai kaɗai ramin ya sani."

Ya yi dariya har zanen ya zame daga kan ƙarfen, ya yi maza ya gyara. Ya ce, "Kin tuna surukata? Ranar da muka fara shiga ƙauyen da motar?"

"Gari ya yi layi, kowa na son ya sa hannu a bakin ramin."

"Ita kuwa ta shiga ta zauna a gado, ta aika a kawo mata bargo. Ta ce Bature mugu ne, ya kama sanyin hunturun watan Yuni ya kulle a gwangwani."

"Kwana uku ta ƙi fita. A nan ake kai mata tuwo."

"Wannan ƙarfen ne ya yi duk wannan," ya ce, yana shafa ta. "Da ba don kifinki ba da yanzu tana nan da ranta. Warin ne ya shige ta, ya dinga cin ta a hankali."

"Shekara arba'in? Lalle kifin nan ya fi ka sanin aiki."

Na juya kan ta uku. 'Yar ƙarama ce, zagayayya, fara tas, ko daga ledarta ba a gama cire ta ba. Munsanje ya ɗaga ta da hannu ɗaya.

"Wannan sabuwa ce, Mama. Ita nake gaya masa tun makon farko. Ba ta jan inji, ba sai an kashe ta a hawa ba. Abin da take so, in yi mata mazauni da walda, in wanke tiyo, in canja kwalbar da ke tace gas, in zuba sabon mai da sabon gas. Aikin yini ɗaya ne."

Mphanza ya taɓe baki. "Dubi abin da yake so ya sa wa Kunkuru. Ko gwanda ta fi ta girma. Ta yaya wannan za ta sanyaya ɗaki guda?"

"Zelipa ma 'yar ƙarama ce, shekara hamsin tana sanyaya wannan ƙaton kan naka."

"Wannan daban."

"Munsanje, da waɗannan, nawa ya ƙi?"

Ya ɗan duƙar da kai. "Tara, Mama."

"Me sauran suka yi?"

"Ɗaya wai launinta bai yi masa ba. Ɗaya rubutun kwalinta ba ya iya karantawa. Ɗaya kuma..."

"Faɗi."

"Wai mai sayarwar yana yawan murmushi."

"Mai gaskiya ba ya murmushi haka," in ji Mphanza.

Ni ban yi makaranta ba, amma na yi shekara talatin ina sayar da kifi, na san mai ciniki, na san wanda ya zo tsayuwa. Mai ciniki yakan ƙi kaya yana kallonsu. Mphanza ƙasa yake kallo.

Na ce, "Mbuya, miƙo jaririyar in ga da wa ta yi kama."

"Za ki yar. Ta fi ki nauyi."

"Miƙo."

Ya miƙo. Ashe da gaskiyarsa, saura kaɗan ta tafi da ni. Na dire ta a ƙasa, na gyara zanen da ke kanta, na juya na zauna daram.

"Na ɗauka. Tawa ce."

Ya miƙe tsaye. "Ke! Tashi!"

"Abin da mbuya ta ɗauka ya ɗauku. Ko a gabas an soke wannan dokar?"

"Munsanje, ka gani ko? Ban ce ka kulle kaya ba? Da rana tsaka! Me za ki yi da ita?"

"Zan danne murfin tukunya. Ko in dinga fasa ƙwara a kai."

"Da ita nake gwadawa! In babu ita ta yaya zan san wadda ta dace?"

"Ai shi ya sa na zauna."

Na ce wa Munsanje ƙishi nake ji, ya taimaka ya samo mana munkoyo mai sanyi wurin matar da ke bakin titi, kuma kada ya yi sauri. Mutum ne mai hankali, ya ajiye tsummansa ya tafi.

"Zauna, Mbuya. Tsayuwa ba ta yi maka kyau, ƙafar rawar nan har yau a karkace take."

Ya zauna.

"Wa ya haƙa kabarin Baban Lombe?"

Ya dube ni. "Ni mana. Ƙasar kamar dutse. Ko ƙasa sai an lallashe ta take karɓar Bemba."

"Wa ya zo ina tsakar kuka ya bulbula mini garin masara a ka, ya ce in daina munafunci, ya ga ina hararar tukunyar nama?"

"Kina hararar ta."

"Ban harara ba."

"Amma kin yi dariya."

"Na yi. Ranar duk duniya ba wanda ya isa ya sa ni sai kai. Ka yi aikinka. To yanzu nawa ne ke tafe."

Ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu.

"Ni zan yi wa Zelipa wanka. Ni zan tuƙa tuwon mutane, ni zan zuba maka garin. Ba gudu nake ba. Amma ka saurara. In ta cika a Kitwe, a cikin motar nan za a ɗauke ta zuwa gabas, don ka san can ta ce a sa ta. A akwati, a ƙasa, tsakanin gado da murhu, ni a zaune kusa da ita kwana biyu. Kuma ranar dole ka sa sanyin. Duk wadda ka samu za ka ɗaura, ko mai murmushi ne ya sayar maka. Sai dai ita ba za ta ji ba."

Ya sunkuyar da kai. Yana kallon hannuwansa, da baƙin mai a cikin farce. Wata mota ta wuce da kiɗa, ta yi nisa, bai ɗago ba.

Can ya ce, "In na gyara, sai in kai ta."

"I."

"In na kai ta, ni kaɗai zan dawo."

"Ko ba ka gyara ba kai kaɗai za ka rage. Wannan ba a hannunka yake ba, ba a hannun Munsanje ba. Abin da ke hannunka shi ne ta ga hanya ko kada ta gani. Ta ɗaga labule a gadar Luangwa. Ta ce ka tsaya ta taya kwando, ta ƙi saye kamar yadda ta saba. Ta isa ta zagi ƙanwarta a kan shara."

"Kullum da safe nakan ce yau zan zaɓa," ya ce. "In na zo na gan su a jere, sai in ga kamar..."

"Na sani. Ita ma ta sani. Kana tsammanin ba ta jin ka a bayan ɗaki?"

Ya sa bayan hannu ya share fuska, ya bar layin baƙin mai daga hanci zuwa kunne. Ban gaya masa ba.

Na ce, "Kuma wa ya ce sai ka dawo? Kitwe ta gaji da kai. Shekara hamsin muna ciyar da kai abincin mutane, ba ka waye ba."

Ya yi wata irin dariya, rabinta tari. "Bakinki, Uwar Lombe. Da shi kika kashe bawan Allahn nan."

"Da shi na riƙe shi shekara arba'in da ɗaya. Kai dai ji da naka."

Munsanje ya dawo da kwalabe biyu. Mphanza ya karɓi ɗaya bai sha ba, ya nuna buhun da leɓe.

"Sa gwandar."

"Baba?"

"Ƙaramar. Ka yi waldarka, ka wanke abin da za ka wanke. In ta mutu mini a hanya, da ƙafa zan dawo in same ka."

"Ba za ta mutu ba, Baba. Gobe da azahar ka zo da rigar sanyi." Ya ɗauko ma'auni, ya zo ya tsaya a gabana yana sosa ƙeya. "Mama, sai kin ɗan ɗaga. Ramukan notin tsohuwar zan auna, in san inda sabon mazaunin zai kama."

"Ba na tashi a kan kayana kyauta."

Mphanza ya miƙo mini tasa kwalbar a kan tawa. "Karɓi, ɓarauniya. In ya gama aunawa ki tafi da ita, na bar miki. Ki sa a ɗaki ki dinga gaya wa jikokinki kin taɓa shiga mota."

"Zanen dai zan mayar wa mai shi. Ka ɓata shi da mai."

Ranar Juma'a da hantsi suka tashi. Matan coci suka taimaka aka shigar da Zelipa, aka tokare ta da matasai ta yadda fuskarta ke daidai taga. Mphanza ya tayar da injin, ya murɗa maɓallin. Duk muka kasa kunne muna jiran ƙut-ƙut-ƙut. Babu. Sai dai na ga bakin ɗankwalinta ya fara motsi, ta lumshe ido, ta ja numfashi har ƙasa, irin wanda ta yi wata biyu ba ta ja ba.

"Ba ta da murya," in ji Mphanza. "Ko gaisuwa ba ta iya ba."

"Ka koya daga gare ta."

Na zagaya wajen tagar. Zelipa ta sa ya zuge mata gilashin kaɗan, ta miƙo yatsu biyu, na riƙe. Sun yi sanyi, sanyin esi.

Ta ce, "Mbuya, in an aiko, za ki zo?"

Mphanza ya kafe ido a kan sitiyari.

Na ce, "Zan zo, aikina ne, kuma duk kajin ƙanwarki sai na cinye su. Amma ku ji da kyau ku biyun. Ni ba na yi wa kowa wanka sai an cire sabuwar masara. Ko shuka ba a yi ba. Ki je ki kwanta ki jira ni."